Robar da Ka Bari Cikin Safa

Zuwa ga ɗana Abdul-Razak,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan ka isa Dapaong lafiya, ka sami masauki mai iska, kuma zafin garin bai riga ya sa ka kewar Sokode ba. Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa albarka a wannan aiki da za ka fara. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba, kai kuma ka san abin da hakan yake nufi.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, maimakon in aiko maka saƙon murya da za ka saurara kana cin tsire kana hira da wani, shi ne ƙunshin da direban nan zai ba ka tare da takardar. Ka buɗe shi. Ƙarƙashin wagashi, cukun nan namu, da kilishi akwai baƙar safa guda ɗaya. Taka ce. Abin da ke ciki ma naka ne: robar haƙoran da likita ta yi maka a Lome, wadda take riƙe muƙamuƙinka na ƙasa a gaba don kada maƙogwaronka ya toshe in kana barci.

Washegarin tafiyarka Innarka ta shiga share ɗakinka. Ina tsakar gida ina shan koko na ji ta kira ni.

"Malam, zo ka gani. Ɗanka ya yi mantuwa."

Na karɓi safar na juya ta. Na ce, "Hajiya, a ina kika same ta?"

"Cikin tsohon takalminsa, can ƙarƙashin gado."

Na ce, "To ai wanda ya manta abu ba ya sa shi cikin safa, ya ƙulle bakin, ya cusa a takalmi, sannan ya tura ƙarƙashin gado. Wannan ba mantuwa ba ce, jana'iza ce."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gadon ta riƙe safar da hannu biyu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ranar Litinin fa za a ba shi motar."

Ni ma na sani. Ranar Litinin Alhaji Bukari zai miƙa maka makullin babbar mota, ka ɗauko kaya daga Sinkase ka gangara har tashar jiragen ruwa ta Lome. Duk tsawon ƙasar nan za ka ratsa, daga kanta har ƙafarta, da mutane a gefen hanya, da 'yan lakwal masu zuwa makaranta, da mata masu tallar doya. Kuma ka shirya yin haka da maƙogwaron da likita ya auna ya ce yana rufewa in ka kwanta. Don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Ka san ni malamin tarihi ne, ba na iya faɗin abu a gajarce, amma yau tarihin nawa ne.

A gidanmu minshari gado ne, kuma muna alfahari da shi kamar yadda wasu suke alfahari da tsawo. An ce kakan kakanmu, in ayarin goro ya yada zango tsakanin Gwanja da nan, ba a hura wuta don korar kura, shi ake kwantarwa a bakin zango. Na karanta tarihin fatake iya gwargwado, na koyar da shi, ban taɓa cin karo da kurar da ta ba da shaida ba. Amma na yarda da labarin, domin ya yi mini daɗi. A wurinmu mai minshari shi ne magidanci, wanda ya ci ya ƙoshi, ba a binsa komai. Da na fara nawa, sai na ɗauka na girma.

Innarka ce ta fara gane cewa ba girma ba ne. Wata safiya tana zuba mini shayi ta ce, "Malam, ba minsharin ne yake damuna ba, shirun ne."

Na ce, "Wane shiru?"

Ta ce, "Kana cikin yi sai ka tsaya cak. Ƙirjinka yana ta kokawa, babu abin da yake shiga. Sai in zuba maka ido ina salati. Can sai ka zabura ka ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ka juya ka ci gaba. Haka kake yi har gari ya waye."

Ka san abin da na ce mata? Na ce, "Hajiya, da minsharina ne ya hana ki barci, yanzu kuma shiruna. To me kike so in yi, in riƙa rera miki waƙa?" Na ji daɗin amsar tawa har na maimaita ta ga abokaina a majalisa. Shekaru na ɓata a kan wannan barkwanci. Razak, mutum ba ya ganin kansa yana barci. A wannan al'amari wanda yake kwance kusa da kai ya fi ka sanin kanka. Yau uwarka ce, gobe yaron motarka ne, jibi matarka. In sun gaya maka abin da suka gani, kada ka nemi amsa mai daɗi. Ka yi shiru ka ji.

Alamun kuwa duk suna nan, ni ne na ƙi haɗa su. Ina tashi da ciwon kai, bakina a bushe kamar na kwana ina cin garin rogo. In na ba ɗalibai aiki na zauna a kujera, kafin su gama rubuta kwanan wata na tafi. Sun sa mini suna, wanda har yau suke zaton ban sani ba. Wata Juma'a na yi gyangyaɗi a sahun gaba ana huɗuba, har na saki abin gadon namu. Bayan sallama Liman ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Isufu, in huɗubar ta yi tsawo ka same ni a keɓe ka gaya mini, ba sai ka sanar da duk masallaci ba."

Maganin da na samo wa kaina shi ne goro. Me ya fi wannan sauƙi ga jikan fataken goro? Da safe goro, bayan azahar goro, a tsakani shayi mai sukari kamar zuma. Goro yana buɗe ido, wannan gaskiya ne. Amma bai taɓa biya maka barcin da ba ka yi ba. Yana rufe ramin ne da tabarma, ramin yana nan a ƙasa, kuma ranar da za ka taka ba ya yi maka sallama. Ban ce goro kaɗai ya ɓata mini haƙora ba. Har da sukarin, har da ƙin zuwa wurin likita. In haƙorin turmi ya yi ciwo sai in je a cire a jefar, in ce ai akwai sauran. Riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Yanzu zan yi maka maganar Babanka Mamman, yayana, wanda ba ka tuna shi sai a hoto. Direba ne da babu wanda ya taɓa kushe tuƙinsa. Ya hau duwatsun Alejo da na Defale da lodi sau ba adadi, tun kafin a gyara hanyar, bai taɓa ko goge fenti ba. Minsharinsa ya fi nawa, aljihunsa kullum cike da goro. Inda ya rasu ba dutse ba ne, ba kwana ba ce. Miƙaƙƙiyar hanya ce tsakanin Mango da Dapaong, da rana tsaka, babu ruwan sama, babu wata mota a gabansa. Ni na je ɗauko shi. Wani jandarma ya kai ni wurin, ya nuna mini kwalta da sandarsa, ya ce, "Duba da kyau, Malam. Babu alamar birki ko ɗaya." Motar ta bar hanya a hankali, kamar saniyar da ta hango ciyawa, ta je ta sami bishiya. Da muka zo yi masa wanka akwai sauran goro a kuncinsa.

A zaman makoki kowa ya kawo nasa bayani. Wasu suka ce aljanun wurin ne, wasu suka ce hassadar abokan aiki ce. Na zauna ina gyaɗa kai. Ajali ne, ban musa ba, kuma ba zan iya rantse maka cewa barci ne ya ɗauke shi ba, tunda babu likitan da ya taɓa auna shi. Amma na ga kwaltar nan da idona, kuma na san yadda idona yake rufewa a aji ba tare da ya nemi izinina ba. Na zaɓi bayanin aljanu saboda shi ne bai buƙaci in yi komai ba. Kada ka yi haka. In an kawo maka bayani biyu, ka fi tsoron wanda ya bar ka a zaune cikin jin daɗi. Wannan hanya ta Mango ita ce za ka bi ranar Litinin.

Tsoro ya kama ni bayan rasuwarsa, amma bai kai ni asibiti ba, ya kai ni wurin Ɗanladi wanzami. Ya zaunar da ni a kan turmi, ya ce in buɗe baki, ya leƙa.

"Af! Malam, ai belinka ne ya sake tsirowa. Wanda ya cire maka ranar suna ya yi maka ha'inci."

Na ce, "Ubanka ne ya cire."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. A lokacin idonsa ya fara rauni."

Ni da na karanta littattafai har idona ya nemi tabarau, na buɗe baki na bar shi ya sa ƙarfe a maƙogwarona. Jini ya ƙi tsayawa har Ɗanladi da kansa ya fara karanto addu'o'in da ban san ya iya ba. Na daɗe ba na iya haɗiye komai sai koko. Da na warke na tambayi Innarka ko an sami canji. Ta ce, "An samu. Da kamar injin niƙa ne, yanzu kamar injin niƙa mai mura." Ɗanladi mutumin kirki ne, har gobe shi yake yi mini aski. Amma abin da yake toshewa yana can ƙasa, bayan harshe, inda askarsa ba ta kaiwa. A Dapaong ma za ka sami mai ce maka beli ne, ko mai garin magani da za ka shaƙa. Ka gaishe su da ladabi ka wuce da bakinka a rufe.

Abin da ya kai ni Lome a ƙarshe ba hankalina ba ne. Muna dawowa daga suna a hanyar Camba, ina tuƙa babur, Innarka tana baya. La'asar ce, na ci sakwara na ƙoshi, iska tana kaɗawa. Ban san na tafi ba. Duka na ji a bayana, na buɗe ido na ga gaban motar gawayi ya cika mini duniya. Yadda muka kauce, Allah kaɗai ya sani. Na tsaya a gefe. Ta sauka ta gyara mayafinta, ta fara tafiya a ƙasa. Na bi ta ina tura babur ina cewa ta hau.

Ta ce, "Na zauna da matar Mamman har ta fita takaba. Na ga yadda abin yake. Ba zan yi tawa saboda taurin kanka ba. Ko ka je Lome, ko in koma gidan ubana. Zaɓi ɗaya kafin mu kai gari."

Mun yi tafiya mai tsawo a ƙasa ranar nan.

Sauran ka san wani abu daga ciki, tunda kai ma an yi maka. Aka ɗaura mini na'ura a ƙirji, wata a yatsa, wani siririn bututu a hanci, aka ce in yi barci. Da likita ya duba sakamakon ya zana mini hoto a takarda. Ya ce in mutum ya yi barci naman jikinsa yana saki, har da harshe da naman maƙogwaro. A wurin wasu sai su faɗa baya su rufe hanyar iska. Jini ya rasa iska, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe ka ka ja numfashi, ka koma, abin ya sake faruwa, kai kuma da safe ba ka tuna komai. Ya ce, "Kana kwana a gado, amma ba ka barci. Zuciyarka kuma tana aikin dare ba hutu. Hawan jinin nan naka ba daga sama ya faɗo ba."

Ya fara ba ni injin nan mai hura iska ta abin rufe hanci. Ya ce shi ne ya fi ƙarfi, kuma wanda ciwonsa ya yi tsanani shi ya kamace shi. Na gwada da gaske. Amma in wuta ta ɗauke sai in farka ina fizgar abin daga fuskata, in ba ta ɗauke ba kuma in same shi a ƙasa da safe ban san lokacin da na cire ba. Da ya ga haka, kuma nawa bai kai mafi tsanani ba, sai ya tura ni wurin likitar haƙori.

Nan ne goro ya zo karɓar hakkinsa. Matar nan ta sa madubi a bakina ta yi ta dubawa. Can ta ɗago ta ce, "Malam, ina sauran?"

Na ce, "Suna nan a wurare daban-daban cikin Sokode."

Ta ce, "Abin da zan yi maka haƙora yake kamawa, sama da ƙasa, ya jawo muƙamuƙi gaba, harshe ya biyo shi, hanya ta buɗe. In babu haƙora masu ƙarfi, me zai kama? Da ka ƙara cire biyu da sai in ce ka koma wurin injinka."

Sai da ta yi jinyar dasashina, ta cike na cikewa, ta jira suka yi ƙwari, sannan ta cusa mini wani abu kamar ƙullu a baki ta ɗauki siffar haƙoran. Kai naka haƙoran cikakku ne, farare, ko ɗaya ba ka rasa ba. Ranar da ta duba ka na ga tana murmushi kamar magini da ya sami fili mai kyau. Ka kula da su. Buroshi safe da dare, asuwaki a tsakani. In ɗaya ya fara ciwo ka nemi a gyara, kada ka ce a cire. Yanzu haƙoranka ba na cin nama kaɗai ba ne, da su kake numfashi.

Ina jiran a gama tawa gajen haƙuri ya kama ni. Na ga wata roba a kasuwa, irin ta 'yan dambe, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza. Na ce ai duk roba ce, kuma wannan kuɗinta bai kai na kaza ba. Ta kwana a bakina sau ɗaya, na tashi muƙamuƙina ya ƙage, na wuni ina koyar da daular Songhai ta gefen baki. Daga baya kullum a kan matashi nake samunta. Ta likita da ta zo, ba a rana ɗaya aka tura muƙamuƙin ba. Kaɗan-kaɗan take matsawa, in koma, ta tambayi Innarka, ta ƙara. Da farko na sha wuya: miyau yana dalala har matashi ya jiƙe, da safe haƙoran sama da na ƙasa ba sa gane juna sai na motsa muƙamuƙi na ɗan lokaci. Duk wannan ya ragu. Sannan aka sake ɗaura mini na'urar da robar a bakina, don likita ya ce daina minshari ba shaida ba ce, mutum yana iya yin shiru maƙogwaronsa yana ci gaba da rufewa. Sakamakon ya yi kyau, kamar yadda naka ya yi.

Ba zan iya kwatanta maka safiyar farko da na tashi ba ciwon kai ba. Na fita tsakar gida na ga kamar an wanke garin. Na yi mafarki ma, abin da na manta ana yi. Na karanta littafi bayan azahar har shafi ya ƙare ina sane da abin da ke ciki. Sai na zauna ina tunanin Mamman.

Wani kuskure ƙarami, don kada ka maimaita: na ga abin yana kwana a baki, na ce bari in tsarkake shi da kyau, na zuba masa tafasasshen ruwa daga butar shayi. Ya lanƙwashe kamar busasshen kifi. Sai da na sake komawa Lome, likitar tana kallona kamar ɗalibin da ya maimaita aji. Ruwan sanyi, buroshi mai laushi, ka bar shi ya sha iska, ka mayar cikin akwatinsa. Kada ka ajiye shi a gaban mota inda rana take dukan gilashi, zafin Dapaong zai yi masa abin da butata ta yi. Kada ka ara wa kowa, an yi shi ne a kan bakinka kaɗai. In ya fara sako-sako, ko ya tsage, ko muƙamuƙi ya riƙe maka ciwo, ko cizonka ya canza, kai da kake zuwa Lome da mota ba ka da uzuri, ka biya ta duba. In ka yi ƙiba, kuma direbobi suna yi, a sake auna ka. Ka riƙa kwanciya ta gefe, ba rigingine ba.

Amma duk wannan ba shi ne dalilin safar ba, ni da kai mun sani. Innarka ta ji labari. Ta ce ranar da ka kwana a tasha kuna jiran lodi abokanka sun ga kana sa robar, suka fara kiranka Kaka, suna tambaya ko a kofi kake jiƙa haƙoranka. Kuma a Sinkase haka za ku riƙa kwana, a jere a kan tabarmi gefen motoci, kuna jiran takardun duwan, wato kwastan, kowa yana ganin kowa.

Ni ma na yi. Shekarar farko da na sami robar aka tura mu Kara gyaran takardun jarrabawa, malamai duk a aji ɗaya muke kwana. Na ɗauki akwatin robar, na tuna fuskokin abokan aikina, na mayar da shi cikin durowa. Ka san abin da kunyata ta saya mini? Kafin gari ya waye duk sun kwashe tabarminsu sun koma baranda. Wani malamin lissafi, Bakabiye, ya ce ya girgiza ni har ya gaji, don ya ɗauka rai ne yake fita. Da rana na yi barci a kan takardar wani yaro, miyauna ya ɓata masa amsa, ban san ko na cuce shi ba har yau. Ranar dawowa na tsaya a gaban babur ɗina na kasa hawa. Na bar shi a can na shiga motar haya. Na guji a yi mini dariya saboda roba, aka yi mini saboda abin da ya fi ta muni.

Da shekara ta zagayo na fito da ita a gaban kowa, na ɗaga sama na ce, "Jama'a, ga amaryata, ku gaisa." Suka yi dariya kamar za su faɗi. Kafin shayi ya tafasa dariyar ta ƙare. Kafin mu watse mutum biyu sun same ni a bayan aji, kowa yana waige-waige, suna tambayar inda likitar take, wai don wani ɗan'uwansu. Haka abokanka za su yi. Su kira ka Kaka. Ni fatana ke nan, ka daɗe har ka zama kakan gaske. Waɗanda suke tsokanarka, ka saurari nasu barcin, sannan ka dubi aljihunsu ka ga goro da ƙwayoyin hana barci da ke ciki.

Yanzu ga maganar da ta hana ni sukuni tun ranar safar. Ka san Alhaji Bukari ya ɗauke ka ne saboda Babanka Mamman. Abin da wataƙila ba ka sani ba shi ne, Alhajin ne yaron motar Mamman a wancan lokacin. Ranar da abin ya faru zazzaɓi ya kwantar da shi a Mango, shi ya sa yake raye. Ya san minsharin gidanmu fiye da kowa, ya kwana kusa da shi shekaru. In na kira shi na ce ɗana yana da ciwon Mamman kuma ya bar maganinsa a gida, ba zai tambaye ni komai ba. Zai mayar da makullin aljihunsa.

Na san abin da hakan zai jawo. Na ga yadda ka jira wannan aiki, na ga yadda ka wanke motocin mutane ka kwana a ƙarƙashinsu kafin ka sami lasin. Za ka ce na tozarta ka a gaban mutane, wataƙila ka daɗe ba ka taka gidan nan ba. Innarka ta ce, "Malam, kada ka kira shi, yaron nan zai tsane ka." Na ce, "Ya tsane ni yana tafiya da ƙafafunsa." Daga baya ita ce ta nemo mini lambar Alhaji a tsohuwar wayarta.

Ban kira ba. Ba na so in kira. Na fi so kai ka je wurinsa da kanka, ka nuna masa robar, ka ce, "Alhaji, ina da wannan ciwo, an auna ni, ga maganina, ina sawa." Ina zaton zai fi yarda da kai fiye da sauran direbobinsa da ba a taɓa aunawa ba. Kuma ko da robar a bakinka kowane dare, in kana tuƙi ka ji idonka yana nauyi, ka ga ka wuce wani ƙauye ba ka tuna shigarsa ba, ka sauka gefe ka kashe mota ka kwanta. Kada ka ɓare goro. Kaya su makara. Babu buhun da ya taɓa yin takaba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban saba roƙonka ba. Direban nan zai iso gare ka kafin Juma'a. Daga daren da ƙunshin ya shiga hannunka ka fara sawa, don jikinka ya biya barcin da ya rasa kafin ka hau mota. In ka tashi da asuba, kafin ka cire, ka kira ni. Ba sai ka yi dogon zance ba, sallama kawai ta isa. Na san yadda muryar mutum take da robar nan a baki, kamar mai magana da lomar tuwo, don haka kada ka yi tunanin za ka ruɗe ni da yatsa a kunci. In na ji wannan murya kowace asuba har Litinin, lambar Alhaji za ta zauna inda take. In ban ji ba, zan kira shi kafin ka tayar da mota, kuma ba zan ɓoye maka cewa ni ne ba.

Allah ya tsare ka, ɗana. Ya buɗe maka ido a kan hanya, ya ba ka barci mai daɗi in ka sauka. Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya kai ka Lome lafiya ya dawo da kai lafiya, ya sa in ka wuce ta Sokode mu ji hon ɗinka mu fito. Allah ya jiƙan Mamman, ya sa ƙarshen wannan gado ke nan a gidanmu. Ka gaishe da Alhaji Bukari da iyalinsa. Wagashin na Innarka ne, ta ce kada ka raba wa masu kiranka Kaka.

Wayata tana kusa da tabarmar sallah. Ni ma ba zan cire tawa robar ba sai ka kira, don kada ka ce kai kaɗai ake ji.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Malam Isufu
Zongo, Sokode